Fiton Motar Ma'azu

Hantsi bai gama ɗagawa ba wani ɗan kabu-kabu ya faɗo komisariyar Dogon Dutsi, wato ofishin 'yan sanda, ba ko sallama.

"Shef, Ma'azu bakanike ya mutu! Motar nan tasa ta kashe shi, can gangaren hanyar Dogon Kiriya!"

Insifekta Nafi'u Ɗanbaba ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula.

Wa bai san Ma'azu ba a garin nan? Shi ne matashin da ya sayo gawar wata tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinta, ya rantse sai ya mai da ita mota. Ya dasa mata injin gazuwal, wato man dizal, sannan ya nemo turbo daga jikin wata babbar mota da ta faɗi. Turbo dai 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma tana ɗura wa injin iska don ya ƙara ƙarfi. Wannan injin ba a ƙera shi da gurbinta ba, saboda haka kowane bututu sai da aka yanka, aka lanƙwasa, aka yi masa walda da hannu.

Gari ya sha yi masa dariya. Amma ranar da motar ta tashi tana wani siririn fito, kamar mutum ya tsuke baki yana busawa, masu dariyar nan su suka riga kowa zuwa kallo.

Yanzu ga ta can ta rungumi wani gawo a gefen hanya, gabanta ya shige ciki. An kwantar da Ma'azu a inuwa, an rufe shi da zane. Wani makiyayi na tsaye jingine da sandarsa, idanunsa jajur.

"Me ka gani?" in ji Insifekta.

"Ihu take yi, ranka ya daɗe, ba ƙarar mota ba ce wannan. Farin hayaƙi ya rufe hanya. Shanuna suna tsallakawa, matata na biye da ƙwarya a kai. Na gan shi ya fito da hannu yana korarmu. Da ya ga ba mu kauce ba, sai ya karkata ya nufi icce."

Insifekta ya durƙusa, ya ɗaga gefen zanen. Hannun dama na mamacin a dunƙule yake. Da ya buɗe yatsun a hankali, sai ga makullin mota. Ashe ya kashe ta, har ya zare makullin, amma injin ya ƙi mutuwa.

Ya leƙa ƙarƙashin murfin injin. Komai ya lotse, sai abu ɗaya. Tiyon da ke shiga bakin turbon a cire yake, kuma notin da ke ɗaure shi kwance shi aka yi da sifana, ba tsinkewa ya yi ba.

"Wa ya fara isowa nan?"

"Jibo mai walda. Yana biye da shi a kan babur."

Ba a sha wahalar neman Jibo ba. Ko da Insifekta ya koma ofis, ya tarar da shi zaune a kan benci, rigarsa duk jini da baƙin mai.

"Ni na kashe shi, Shef. Ka rufe ni."

"Sannu da sauri. Fara gaya mini yadda inji ke gudu ba makulli."

Jibo ya goge hanci da bayan hannu. "Idan fankar turbo ta fashe, baƙin man da ke sanyaya ta sai ya kwarara cikin inji. Injin gazuwal kuwa yana iya cin baƙin mai kamar yadda yake cin gazuwal. Daga nan ba ruwansa da makulli, ba ruwansa da birki. Sai ya shanye man duka, ko ya tarwatse."

"Me ya fasa fankar?"

"Kashin walda. Ni na haɗa bututan. Na bar gutsuren ƙarfe a ciki ban goge ba, ya ɓalle ya faɗa mata."

"Shi ya sa ka kwance tiyon, don ka duba?"

"Ban kwance komai ba."

"To wa ya kwance? Shanu?"

Jibo ya yi ƙasa da kai. Can ya ce, "Ka san don me ya ƙera ta, Shef? Ba don gayu ba ne. Rairayin hanyar ƙauyenmu ne ke kama motoci. Ya ce yana son motar da za ta ɗauko Inna, mahaifiyarsa, ta kawo ta likita ko da tsakiyar damina." Ya ɗago kai. "Ka rubuta ni ne kawai."

Insifekta ya sa aka rufe shi, don a waje abokan mamacin sun fara taruwa suna kiran sunan Jibo, ba kuwa da fatan alheri ba. Amma ransa bai kwanta ba. Ya sha ganin masu laifi, bai taɓa ganin wanda ke roƙon gidan kaso haka ba. Ga shi Jibo yana da mata da 'ya'ya ƙanana, in maganar nan ta je gaban alƙali ya tafi ke nan.

Da azahar aka jawo motar zuwa harabar komisariya. Insifekta ya naɗe hannun riga, ya zura yatsa cikin bututan ɗaya bayan ɗaya. Sumul suke kamar cikin sabuwar ƙwarya. Wanda ya yi wannan aikin ba ya barin kashin walda.

Ya sa aka ciro turbon, ya kifa shi a kan tebur, ya ƙwanƙwasa. Fukafukan fankar suka zubo a gutsuttsure. Tare da su wani abu fari ya faɗo, da wani ɗan ƙyalle da ya sha mai. Ya wanke su da kananzir. Farin abin nan ɓarin wuri ne, irin kuɗin da. Ƙyallen kuwa jar fata ce, da sauran ɗinki a gefenta.

Laya ce. Jibo ya kwashe abin da ya gani, wannan ya kuɓuce masa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Insifekta ya nemi ganin matar mamacin. Sahura ta zauna a bayan labule, shi kuma a kan tabarma a bakin ƙofa.

"Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Mijinki yana ɗaura laya?"

"A'uzubillahi! Malam? Shi da ke ƙona su."

"Wa ke ba shi har yake ƙonawa?"

"Inna Lantana, mahaifiyarsa. A Lugu take. Kun san mutanen da."

"Yaushe ta zo gidan nan?"

"Yau, da labari ya kai mata. Rabonta da mu tun sallar layya."

"Jibo fa? Akwai wata tsama tsakaninsa da mijinki?"

"Haba! Nono ɗaya suka sha. Uwar Jibo ta rasu yana jariri, Inna ta haɗa su ta goya. Wallahi Jibo bai da laifi, ƙaddara ce. Ita ma Inna tun da ta ji fiton motar nan hankalinta bai kwanta ba."

Insifekta ya dubi labulen.

"Malama Sahura, cikin makon nan motar ta fara fito. Daga Lugu ta jiyo shi?"

Labulen ya motsa. Sai kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa.

"Jiya ta zo," in ji ta. "Ya kunna mata motar don ta yi murna, sai ta toshe kunne tana salati. Suka yi ta gardama. Daga baya ya cire matatar iska ya wanke, ya shanya ta a rana, ya tafi la'asar. Bakin bututun a buɗe ya bar shi. Na hango Inna tsaye a wurin da kara a hannu. Na ɗauka tofi take yi. Da safe ya mayar da matatar, bai leƙa ciki ba."

"Ita ta san abin da ya faru?"

"Ba ta sani ba. Jibo ya tsaya nan kafin ya tafi wurinku, ya haɗa ni da Allah kada in faɗa. Don girman Allah, Shef, kada ka gaya mata."

Insifekta ya miƙe. A aikin nan ya sha buga ƙofar mutane da mugun labari, amma bai taɓa kai irin na yau ba. Tausayi ya kama shi ƙwarai.

Inna Lantana na zaune a gindin garu, nesa da masu gaisuwa, 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa da baƙin zane. Ba ta kuka. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Zamna, yaro," in ji ta. "An ce kun kama Jibo. Ku sake shi. Ba shi ya kashe min ɗa ba."

"Wa ya kashe shi, Inna?"

"Waɗanda yak kira. Tun muna ƙanana munka sani, ba a fito ga hanyar daji. Fito kiran doguwa ne, aljanar daji. Mutum ma ba ya yi, balle ƙarfe da ba ya gajiya. Nac ce mai, Ma'azu, wagga mota kira takai, kuma za a amsa mata. Yay yi dariya, yac ce, Inna, iska ce kawai ke wucewa. Nac ce, to ai ita nike faɗi!"

Ta girgiza kai.

"Na ba shi tsari ya ɗaura, yac ce shirka ce. Mi za ni yi? In zura ido? Da yat tafi masallaci sai nis sa wa motar ga baki, inda fiton ke fitowa. Da kara nit tura ta can ciki, inda ba ya gani balle ya ƙona. Babbar laya ce, ta kakata, da wuri da ƙarfe cikinta. Amma ba ta tsare shi ba. Sun fi ƙarfinta."

Insifekta ya sa hannu a aljihu. Da zai iya tashi ya tafi a nan, da ya tafi. Amma akwai mutum a rufe. Ya ciro ɓarin wurin da guntun fatar, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Inna, bututun nan ba fitar da iska yake ba. Zuƙa yake yi. Da ya taka motar a gangare, sai ta zuƙe layar, ta kai ta cikin fanka. Wurin da ƙarfen suka farfasa fankar. Shi ya sa injin ya ƙi tsayawa."

Ta kai abin kusa da idonta. Ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Da ban sa ba, da yana nan?"

"Allah ne masani, Inna."

"Kai ma ka sani. Faɗa min."

"Da yana nan."

Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi, da ya fi sauƙin ji. Sai ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce a hankali, "Wayyo ni Lantana. Ni nag goye shi, ni nak kashe shi." Ta sake faɗa, ta sake.

Can ta ɗago. "Jibo ya sani?"

"Shi ya fara gani. Ya ɓoye, ya ce shi ne."

Ta dafa garu ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta. "Mu tafi."

"Ba da gangan kika yi ba, Inna, kuma haka zan rubuta. Amma dole alƙali ya ji daga bakinki."

"Rubuta abin da kag ga dama, yaro. Alƙali ba ya da abin da zai ƙara min."

Bai sa mata ankwa ba. Hannunsa ya ba ta ta dafa har bakin mota, mutane suna darewa suna ba su hanya.

A komisariya aka buɗe wa Jibo. Yana fitowa ya gan ta zaune a kan bencin da ya zauna da safe. Ya dubi Insifekta, ya dube ta, sai ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta.

"Inna, don mi? Ai na riga na ɗauka! Shef, ƙarya take yi, tsufa ne, ni ne!"

"Yi min shiru," in ji ta. Ta ɗora hannu a kansa. "Na binne ɗaya yau da hannuna. So kake in binne na biyu da bakina? Tashi ka tafi gida, ɗiyanka ba su ci komi ba."

Wata 'yar sanda ta zo ta kama ta a hankali, suka nufi ciki. Jibo na durƙushe a ƙasa yana kiran "Inna, Inna," har aka rufe ƙofa.