Ƙoƙon Kordoba

"Bakin namiji fa, Sabuwa! Inda ya sa bakinsa, nan 'yarki ta sa nata!"

Hajiya Fatna ta maka hoton a kan tebur har kofunan shayi suka girgiza. Tun daga unguwar Ain Shams ta Alƙahira ta ɗauko shi a jaka zuwa gidan Umma Sabuwa a Giza, kuma babu gidan Bahaushen da ke kan hanya da ba ta leƙa ta nuna shi ba. Wai shawara take nema.

Mahasin, 'yar Umma Sabuwa, na tsaye a bakin ƙofar kicin, tana murza zoben baikon da ke yatsanta. Kwananta uku da dawowa daga Ajantina. Sifaniyanci take karantawa a jami'a, aka zaɓe su su biyar suka yi mako shida a Kordoba. Abin takaicin, ita da hannunta ta sa hoton a ambulan ta aiko wa Tijjani, ɗan Hajiya Fatna tilo, wanda za a ɗaura musu aure bayan Babbar Sallah. Ɗan fosta ya zo yana wurin aiki, uwar ta karɓa. Ita kuwa Hajiya, a rayuwarta ba ta taɓa ganin ambulan a rufe ta bar shi haka ba.

Ga Mahasin nan a hoton, zaune kan dutse, lulluɓe da bargo, da ɗan ƙoƙo a hannu da tsinken ƙarfe a baki. Gefenta wani saurayi mai gashi a ɗaure kamar na mace ya miƙo hannu yana dariya.

"Hajiya, don Allah ki saurare ni..." in ji Mahasin. "Shayinsu ne, mate suke ce masa. Ƙoƙo ɗaya ne, tsinke ɗaya, a zagaya da shi. Malamarmu tsohuwa ta sha, direba ya sha, kowa ya sha. In aka miƙo maka ka ƙi, kamar ka ce kana ƙyamar mutane ne."

"Kin goge bakin tsinken?"

Mahasin ta sunkuyar da kai. "Ba a gogewa..."

"Kin ji ko? Ba a gogewa!"

"Haba Hajiya," in ji Umma Sabuwa. "Mu a Katsina ba ludayi ɗaya ke zagaya ƙwaryar fura ba? Ku a Madani ta Sudan kowa da akushinsa yake cin tuwon asida?"

"Mata da mata! Kin taɓa ganina na lashi ludayin ƙato?"

Shi gogan, Tijjani, yana can ƙarshen kujera ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau aka saya masa. Wannan shirun nasa ya fi komai ƙona wa Mahasin rai. Ta tuna ranar da aka ɗauki hoton. Watan Yuli, Alƙahira na tafasa, can kuwa sanyi har ƙashi. Sun baro garin da tsofaffin gine-ginensa na dutse da jami'ar da ta doshi shekara ɗari huɗu, mota ta yi ta murɗawa da su cikin tsaunuka, sannan suka hau da ƙafa. Ruwa garai-garai na gangarowa tsakanin duwatsu, wasu tsuntsaye masu fiffike kamar tabarma na shawagi a ƙasa da su. A ƙasa da su fa! Ta tsaya yatsunta sun ƙage, hawaye ya zubo mata, ba abin da take cewa a ranta sai ina ma Tijjani na nan. Shi ya sa ta ce a ɗauke ta hoton.

"Wannan mutumin ɗan jagora ne kawai," ta ce. "Shi ne ma ya duba min alƙibla da kamfas na yi azahar."

"Inna lillahi! Har alƙibla yake nuna miki!" Hajiya ta juya kan ɗanta. "Khalas, magana ta ƙare. Tashi ka karɓo zobenka. Yanzu duk Ain Shams maganar ake yi, ba zan iya shiga taron mata ba."

Wa ya kai musu maganar? Babu wanda ya tambaya, amma Umma Sabuwa ta yi wani tari mai ma'ana.

Tijjani ya miƙe a hankali. Mahasin ta bi shi da kallo. Shekara uku tana jiransa, tun yana rako ta tashar jirgin metro ba ya iya ko kallon idonta. Ta fara zare zoben da kanta, gara ta ba shi da a ce ya roƙa.

"Tsaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin zo da abin nan?"

"Na... na kawo maka tsaraba. Yana akwati."

"Haɗo min."

Ta ɗauko tsarabar, ta zuba ganyen a ƙoƙon, ta tsiyaya ruwan zafi. Ta miƙa masa. Ya girgiza kai.

"Yaya suke yi? Wa ke farawa?"

"Wanda ya haɗa."

"Yalla, fara."

Ta zuƙa, hawaye na ɗiga. Ta ƙara ruwa. Ya karɓa, a gaban uwarsa da tata, ya sa bakinsa ya zuƙa. Fuskarsa ta yamutse kamar an ba shi ruwan darbejiya.

"Ya salam! Mahasin, wannan ɗacin kika haye teku kika sha? Wallahi wanda ya ba ki ba sonki yake ba."

Dariya ta ƙwace wa Umma Sabuwa, ta toshe baki da gyale. Ya ƙara ruwa da kansa, ya durƙusa gaban Hajiya, ya ɗaga mata ƙoƙon da hannu biyu.

"Yumma, ma'alish, ki yi haƙuri. Ki ɗanɗana. Ruwan zafi ne da ganye."

Hajiya Fatna ta kalli ƙoƙon, ta kalli ɗanta. Idonta ya cicciko. Ita kaɗai ta goyo shi daga Sudan yana ɗan shekara biyu, bayan ta binne ubansa, kuma tunda ya yi wayo bai taɓa ce mata a'a ba.

"A gaban mutane, Tijjani?"

"Zan biyo ki gida, Yumma. Ki zage ni, ki ƙi cin abinci da ni, zan jure. Amma zoben nan ba zan karɓa ba. Da tana da abin ɓoyewa, da ba ni za ta aiko wa hoton ba."

"Hajiya, ki yafe min..." Mahasin ta zube kusa da shi, ta kamo bakin tob ɗin Hajiya, mayafin nan na matan Sudan. "Ban yi don na ɓata miki ba. Ba na so na shiga tsakaninku."

"Ai kin shiga."

Hajiya ta fizge tob ɗin, ta suri jakarta. Ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Umma Sabuwa na "Hajiya! Hajiya, ki tsaya mana!" amma Hajiya ta fice, ta maido ƙofar da ƙarfin da sai da maƙwabta suka leƙo.