Alƙalamin Tasalla

An yi wata yarinya, Ladidi, mai koyon zane a kwamfuta wurin wata malama. Allon zanen yana jin nauyin hannu. In an danna alƙalami layi ya yi kauri, in an sassauta ya fito siriri.

Kusa da Ladidi wata yarinya, Tasalla, ke zama. In Tasalla ta zana gashin bakin kyanwa, sai malama ta ce, "Madalla!" In Ladidi ta zana nata, sai ya fito kamar muciya.

Ladidi ta cika ta batse, ta ce a ranta, "Alƙalaminta ne mai kyau." Da aka fita salla, ta musanya alƙaluman. Ta harari Tasalla, ta danna, muciya ta fito. Washegari ta musanya allunan. Ta harari Tasalla, ta danna, muciya ta sake fitowa.

Tasalla kuwa aka ƙara ce mata madalla.

Ladidi ta kasa daurewa, ta ce, "Malama, ai da kayana ta zana!"

Malama ta ce, "Na sani, 'yata. Sassauta hannu, kin kusa huda mata allo."