Saƙon Ƙarfe Bakwai

A tashar Talata Mafara suka haɗu, ranar kasuwa, tana tsaka da faɗa da direba. Ummulkhairi jami'ar rigakafi ce a wani asibiti a Maradun. Ta rungume akwatin sanyi mai ɗauke da allurar yara, direba kuma ya dage sai an jefa shi a but ɗin mota tare da buhunan albasa.

Wani dogon saurayi mai alli a hannun riga ya matso. "Hajiya, kawo in riƙe miki a cinya. Ni ba ni da kaya."

Ya riƙe har Maradun. Sai da suka sauka ya faɗa mata sunansa Kamilu, malamin lissafi ne a sakandare, kuma shi Bakura za shi, ba nan ba.

"To mi ya kawo ka motar Maradun?"

"Akwati ya kawo ni," ya ce, yana kallon ƙasa.

Daga ranar ya raɗa mata Sanyina, ita kuma tana ce masa Malamina. Cikin wata shida manya suka shiga maganar. Mahaifinsa, Malam Balarabe, ya amince. Yayarsa Taiba ce kawai ta taɓe baki, don ta so ya auri Amira, ɗiyar ƙanin babansu, wadda kullum tana gida.

"Matar da sai an cika takarda kafin a gan ta?" in ji Taiba.

Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Kamilu yakan hau babur ya je zance, ya tarar an tura Ummulkhairi ƙauye. Ya aika saƙo da safe, amsa ta zo washegari. Wata rana ya ce mata, cikin wasa amma ba wasa ba, "Sanyina, ko layi ɗaya ne da safe. In san na faɗo miki a rai."

Abin ya dame ta. Ita kuma mace ce da ta saba warware matsala da jadawali. Ta gano wayarta tana iya riƙe saƙo ta tura shi da kanta a lokacin da aka sa mata. Sai ta zauna wata Lahadi ta rubuta saƙonni talatin, ta jera su, kowace safiya ƙarfe bakwai. Da suka ƙare ta rubuta wasu. Kamilu ya riƙa jinkirta shiga aji don ya karanta. Bai sani ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

A wata na huɗu aka yi gangamin rigakafin ƙyanda a ƙauyukan Gidan Goga, kwana uku. Ta ɗauki wayar ofis kaɗai, wadda ta taɓa roƙonsa kada ya kira ta a kai lokacin aiki. Tata ta bar ta a ɗaki, jone da caji.

Ranar Laraba da la'asar ta dawo, ƙafafu sun kumbura, ta ɗauki wayar. Saƙon Kamilu na ranar Litinin ne a sama:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu yanzu bayan asuba. Jana'iza ƙarfe tara."

A ƙarƙashinsa, bayan minti ashirin, nata:

"Malamina, yau da dariya na tashi. Jikina yana ba ni yau ranar farin ciki ce gare mu. Ka ci abinci da kyau, ka yi mini murmushi ɗaya."

Na Talata yana tsokanarsa kan hularsa da ta karkace. Na Laraba yana tambaya wane launi za su yi anko. Babu amsa ko ɗaya.

Ta zauna a ƙasa, takalmi a ƙafa. Kuka ma bai zo ba. Fuskarta ce ta ɗauki zafi kamar ta leƙa tukunya.

Ta biya ta gida Mafara. Mahaifiyarta, Hajiya Bilkisu, ta saurara, sannan ta ce, "Ki ce sace wayar aka yi. Kowa zai yarda. Rufin asiri ba laifi ba ne."

Mutane suna son kiran ƙarya rufin asiri in za ta fisshe su. Ummulkhairi ta girgiza kai. "Mama, wane ɓarawo ya san hularshi?"

Washegari ta shiga gidan makoki a Bakura. Tsakar gida cike da mata a kan tabarmi, Amira tana zagayawa da kwanon fura, idonta jajir don kwana uku tana hidima. Da Ummulkhairi ta yi sallama, amsar ta fito ƙasa-ƙasa. A nan ta gane kowa ya sani. Ranar rasuwar, wayar Kamilu tana hannun Taiba, tana sanar da dangi, lokacin da saƙon ya shigo.

"Sannu da zuwa, mai ranar farin ciki," Taiba ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "An zaɓi launin ankon?"

Ummulkhairi ta wuce da kai a sunkuye zuwa ɗakin Inna Nagode, mahaifiyar Kamilu, wadda ta shiga takaba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta yi gaisuwa, ta yi ta'aziyya, ta yi wa mamaci addu'a. Sannan ta faɗi komai, ba ta rage ba: Lahadin, jadawalin, wayar da aka bari a caji.

Inna ta ajiye carbi. "Ke nan ba ki ga saƙon mutuwar ba."

"Ban gani ba, Inna."

"Kuma duk safiyar da yaron nan yake washe baki a zaure, ba ke ba ce."

"Ni na rubuta. Amma ba da safen ba."

"Ina kika tafi kwana ukun?"

"Rigakafin ƙyanda, wajen Gidan Goga."

Inna ta dubi bango. "'Ya'ya biyu ƙyanda ta ɗauke mini kafin Kamilu, sati guda tsakani. Don haka ba ni za a sa in zagi aikinki ba, ko da Taiba ta so. Da namiji ne ya tafi kwana uku, cewa za a yi yana nema. Amma ɗiyata, ba rashin zuwanki ya ƙona ni ba. Kin sa ƙarfe ya yi ta yi wa ɗana magana da muryarki." Ta ɗauki carbinta. "Dangi sun ce a janye maganar auren. Na ce a dakata. Takabata wata huɗu da kwana goma ce, ba inda za ni. In ga ƙafarki, ba wayarki ba."

A zaure ta iske Kamilu, ya rame. Ta sake faɗa masa komai.

"Akwai ranar da kika rubuto kin yi mafarkina," ya ce. "Na nuna wa abokina don alfahari. Yaushe kika rubuta shi?"

"Sati biyu kafin ranar."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ni ma da laifina. Na roƙi layi ɗaya kamar mai kiran sunaye a aji. Amma Ummulkhairi, da kin ce ba za ki iya ba, da na haƙura."

Sunanta ya kira, ba Sanyina ba. Ta miƙa masa wayar, saura saƙo goma sha ɗaya a layi. Bai karɓa ba. A gabansa ta goge su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Litinin ta shiga ofishin shugabarta tana jin nauyi, ta roƙi a bar mata Asabar. Shekara uku tana ganin in ta matsa aikin zai rushe. Shugabar ko ɗago kai ba ta yi sosai ba. "Ai abokiyar aikinki Sarah ta daɗe tana neman a ba ta zagayen Asabar. Ke ce kike hanawa." Wannan ma wata kunya ce, ƙarama.

Kowace Asabar sai ta hau mota zuwa Bakura. Ta tsince wa Inna shinkafa, ta yanke mata farce, ta sha baƙar maganar Taiba ba ta rama ba. Sau biyu aiki ya hana ta, sau biyun ta kira da bakinta ta faɗa. Saƙonninta ga Kamilu suka koma gajeru, ba su da lokaci.

"Ina Maradun. Ƙanƙarar akwati ta narke, raina a ɓace. Na tuna ka."

Sati bakwai ba amsa. A na takwas ta rubuta:

"Yau ban tuna ka ba sai azahar. Ka yi haƙuri."

Bayan minti biyu waya ta yi ƙara.

"Wannan na yarda ke ce. Ki ci abinci, Sanyina."

Ta kife wayar a cinya, ta rufe fuska da mayafi a cikin mota cike da mutane.

Sati biyu bayan Inna ta fita takaba aka ɗaura aure a Talata Mafara. Taiba ce ta zaɓi launin anko, ta kuma tabbatar kowa ya ji ita ta zaɓa. Amira ta yi wa amarya lalle da hannunta.

Da aka kai Ummulkhairi gaban Inna, tsohuwar ta dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai, ya jiƙan wanda bai ga yau ba. Ki ci gaba da aikinki. Ranar da kika gaji, ki ce kin gaji."

Ranar da hutun aurenta ya ƙare, ƙarfe bakwai na safe, Kamilu ya fito da babur don ya kai ta tasha. Ya laluba aljihu don sabo, ya duba waya. Babu komai.

"Malamina," ta ce daga bayansa, tana gyara zaman akwatin sanyi, "ina kwana. Hularka ta karkace."