Tabaraun Malam Ladan

Ƙarfe tara na safe, ruwan asuba ya ɗauke, sai yayyafi-yayyafi. Abdulbaqi ya tsayar da Keke Napep ɗinsa a gindin darbejiyar harabar kotu. Mahaifinsa Malam Ladan na zaune a baya.

Can ya hango Khairat a rakuɓe jikin bango, rungume da kular abinci. Ya taka a hankali ya isa gare ta.

"Khairina..."

"Don Allah kar ka kira ni haka, Yaya Baqi. Kuka zan yi, kuma na yi wa Abba alkawari ba zai ga hawayena ba."



Shekara talatin mahaifinsa da nata, Alhaji Auwalu, suna zaman rumfa ɗaya ta hatsi. Jarida ɗaya suke saye, tabarau ɗaya suke karanta ta da shi, na Malam Ladan, don Alhaji Auwalu bai taɓa sayen nasa ba. Kullum sai ya soke shi a aljihu ya tafi gida, a aiki Abdulbaqi karɓowa, Khairat ta miƙo masa ta bayan ƙofa tana dariya. A bakin ƙofar nan soyayyarsu ta tsiro.

Bara Alhaji Auwalu ya ɗebi masarar amininsa ya rubuta masa cek. Aka je banki, asusun babu komai. Magana ta kai kotu. Makon jiya alƙali ya same shi da laifi aka tsare shi, yau za a yanke masa ɗauri, sai fa in an kawo takardar sulhu. Akwatunan lefen Khairat kuwa suna nan jibge a ɗakin mahaifiyar Abdulbaqi, an rufe su da tsohon zani.

Ya koma wajen Keken ya durƙusa.

"Baba, lauya ya gama rubuta takardar sulhun. Amfanin gonar Alhaji Auwalu ta Inkil na damina biyu naka ne. Sa hannunku kawai ake jira."

"Kai a ganinka masara nake bi?"

"To mene ne, Baba?"

Tsohon ya dubi ruwan da ke ɗiga daga rufin Keken.

"Wata uku ina shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ina bar masa gefensa. Jira kawai nake ya zo ya ce mini, Ladan na karye. Shi ke nan fa! Amma mutumin nan in ya hango ni sai ya canja hanya... ni, Ladan!"

Ba su ji tahowarta ba. Khairat ta zube gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baba, wallahi ya zo. Sau uku ina bin bayansa bai sani ba. Sai ya kai bakin lungunku, wajen mai gyaran rediyo, ya tsaya, ya tsaya... ya juyo. Ya ce wa Umma ba shi da idon da zai kalle ka."

Hawayen da take riƙewa suka ƙwace.

"Tun ranar bai sake taɓa jarida ba. Ya ce da idon wa zai karanta?"

Malam Ladan ya kawar da kai, ya goge fuska da bakin rigarsa.

"Tashi, 'yar nan, kin ɓata hijabinki." Ya dubi ɗansa. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Ina ofishin yake?"

A ɗakin magatakarda gandiroba ya shigo da Alhaji Auwalu. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Idonsa a ƙasa ya ce, "Ladan... na karye."

"Ai na gani. Zauna."

Malam Ladan ya sa hannu a takardar ya tura masa. Sannan ya juya wajen Abdulbaqi, murya sama-sama kamar mai faɗa.

"In mun koma ka ce wa uwarka ta fito da akwatunan nan su sha iska. Ba zan kai wa mutane kaya suna warin damina ba."

Khairat ta rufe fuska da hijabi. Abdulbaqi kuwa sai murmushi yake yi shi kaɗai.

Alhaji Auwalu ya ɗaga takardar, ya kai ta nesa, ya dawo da ita kusa, bai ga layin ba.

Malam Ladan ya cire tabaraunsa, ya hura masa iska, ya goge da hannun riga, ya ajiye a kan tebur yana kallon taga. Alhaji Auwalu ya ɗauka ya maƙala, ya sa hannu. Ya ninke tabaraun ya soke a aljihunsa.