Gwajin da Gwaggo ta Nema

Mai ɗinki ta zagaya da tef a ƙuguna, sai ta ɗago ta kalli fuskata maimakon lambar.

Ta ce sai an sake buɗa rigar biki. Ba ta ƙara komai ba a gabana, amma kafin mako ya zagayo magana ta kai kunnen gwaggon Injiniya, wanda zan aura.

Gwaggo ta yanke hukunci. Amarya ta yi ƙiba, fuska a kumbure, tana gyangyaɗi a ofis. Ta ce ko a duhu ta san mai ciki. Ko a yi gwaji, ko a fasa.

Na kira Injiniya a waya. Ya san ko hannuna bai taɓa riƙewa ba.

"'Yar gata, ki yi kawai a rufe bakin mutane..."

"Kai fa?"

"Ni ai ban ce komai ba."

Gaskiya ne. Bai ce komai ba.

Mu uku muka je asibiti, har da Injiniya. Gwaggo na fifita da mayafi, ni ina cikin rigar sanyi. Abin da likita ta fara tambaya ke nan, tun yaushe nake jin sanyi ana zafi. Ta duba fatata da ta bushe, da ƙarshen girata da ya zube. Na gaya mata gashina na bin mataji, muryata ta dushe, ina mance abin da na shiga ɗaki ɗauka. Ta shafa wuyana, ta sa aka ɗebi jini.

Da muka koma, likita ta ce wani sinadari a jinina, TSH, ya hau sosai. Wata 'yar halitta a gaban wuyana ce ta rage aiki, jiki na ta zaburar da ita da sinadarin, rashin aikinta ne ya jawo ƙibar da gyangyaɗin. Ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, wataƙila har ƙarshen rayuwa.

Gwaggo ta katse ta.

"Likita, cikin fa?"

"Babu ciki, Hajiya."

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗi.

"Alhamdulillah!"

Na jira ya tambayi ciwon, ko yana warkewa, ko na daɗe ina wahala. Sai ya zaro waya ya matsa bakin taga.

"Mama, a ci gaba da shiri. Lafiyarta ƙalau."

Likita ta miƙo min takardar magani, idonta a kaina.

Na ninke ta, na rataya jakata, na fita, na ja musu ƙofar a hankali.