Soket Ɗin Falo

Injiniya ta shigo falo da sallama, sai ta tsaya cak. Na'urori ukun da take haɗa netwok na sadarwa a kansu, aikinta na kammala digiri na biyu, sun yi tsit. A soket ɗinsu butar lantarki ce ke tafasa.

"Innalillahi! Umma, wa ya cire?"

Surukarta, da ta zo musu kwana biyu, ta ɗago. "Ni ce. Ƙugin abin nan ya hana ni sakat."

"Wayyo, ban yi sebin ba!"

Irin waɗannan na'urori, in ba a yi sebin ba, wato ba a adana aiki ba, wuta na yankewa suke manta komai. Ga shi jibi za ta nuna aikin gaban malamanta.

Maigidan na shigowa Umma ta tare shi. "Zo ka ji, matarka na tuhumata a kan ƙarfe! Ina jiran jika, wayoyi ake tara min. Ko ta ajiye karatun nan, ko ƙafata ta bar gidanka!"

A ɗaki ya dafe kansa gaban matarsa. "Ya zan yi? Uwata ce."

"Ni fa?" Hawaye suka zubo mata. "Ba kai ka ce ba mai raba ni da karatuna ba?"



Ta yi alwala, ta share fuska. Ta haɗa wa Umma shayi da ruwan butar nan, ta durƙusa.

"Ki yafe min ɗaga murya, Umma. Sakacina ne. Adanawa aka fara koya mana."

Umma ta karɓi kofin. Maigidan ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa. "Ranki ya daɗe, wace waya zan miƙo?"

Suka faro daga tushe. Umma tana kallon yarinyar tana fama da kwamfuta, har tausayi ya kama ta.

Washegari maigidan ya nufi soket da cajarsa, sai ga Umma a gindinsa kan darduma, da carbi.

"Kul! Taɓa ka gani!" Ta juya. "'Yar nan, kin yi sebin ɗin kuwa?"

Injiniya ta ci jarrabawar, kamfanin sadarwa ya ɗauke ta aiki, Umma ba ta daina zuwa ba.

'Yan mata, aikin da ya goge ana sake shi. Maganar da aka yaɓa wa babba cikin fushi, da wuya ta gogu. Ku riƙe harshenku, Allah yana tare da mai haƙuri.