Ranar da Hashim Ya Ƙi Inna

"Inna za ta daina toya waina a ƙofar gida, Rukayya. Ba shawararki nake nema ba!"

Na ɗago na kalli Hashim. Tunda soja suka sauka aka zaɓe shi kansila, har muryarsa ta canza. Shekara huɗu muna tare, tun yana malamin firamare a unguwar Sheshe, kullum da wainar nan yake karyawa.

"Haba masoyina... da tandar nan ta rene ni tun rasuwar Baba."

"Saura wata ɗaya bikinmu, manya za su zo unguwarku Mandawari. So kike a yi mini dariya?"

Na ce wa zuciyata gajiya ce kawai ke damunsa.

Ranar Asabar da hantsi ya zo da abokansa na jam'iyya. Ina cikin soro zan fito, Inna tana bakin tanda. Ta washe baki.

"Sannu da zuwa, ɗana! In zuba muku?"

Ɗayansu ya ce, "Honarabul, wace ce wannan?"

"Wata tsohuwa ce da ta raɓe a gidan," in ji Hashim, ko kallonta bai yi ba.

Mai ya fallatso wa Inna a hannu. Ta ci gaba da juya wainarta.

Na koma ɗaki na zauna, na jera komai a raina. Tun zaɓe bai durƙusa ya gaishe ta ba. Daga baya ma har cewa ya yi a kai biki wani waje. Ashe ba gajiya ba ce, kunyarmu yake ji. Gobe kuma zuwa gida zai hana ni.

Washegari na sa Kawu Isyaku, ƙanin Baba, ya mayar masa da lefensa.

Hashim ya zo yana huci. "Wa zai kwashi 'yar mai waina?!"

"Wallahi har yanzu ina son ka... amma na ga halinka, Hashim."

Ranar da aka sa mana, a ranar ya ɗaura aure da wata, da akwatunan lefen nan. Unguwa ta ce girman kai ne ya ja mini.

Inna ta yi wata biyu ba ta kula ni ba. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Da kin bar ni na haɗiye wulaƙancina, da yanzu kina ɗakinki."

Na kifa kaina a cinyarta ina kuka. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma rarrashe ni ba.